Guzurin 'Yan Mishan: Daga Basel da Filadelfiya Zuwa Yendi da Bawku

A farkon shekarar 1931 wasu Turawa biyu, miji da mata, suka sauka a Yendi da niyyar zama. Sunan mijin Lloyd Shirer, matar kuwa Margaret, 'yan cocin Assemblies of God ne daga Amurka. A lokacin Ya-Na Abdulai na Biyu ke kan fatar sarautar Dagwamba, shi ne kuma ya karɓe su. Abin lura a zuwan nasu shi ne hanyar da suka biyo. Yawancin Turawa daga bakin teku suke haurowa, ta Akara ko Kumasi. Su kuwa daga arewa suka gangaro, daga Wagadugu ta ƙasar Moshi, wato ta irin hanyar da masu jakuna da masu koro shanu suka saba bi tun kafin a ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila.

Mu da muka tashi a zangunan Zebilla da Bawku da Yendi da Salaga mun san ƙarshen labarin, domin muna wuce coci-cocin kullum, da yawanmu kuma an duba mana ido a asibitin mishan na Bawku. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne farkonsa: me iyali irin wannan ke shiryawa kafin su bar gida, me suke bari a baya, kuma wane matsayi harshenmu ya samu a cikin guzurinsu? Tambayar ta shafe mu fiye da yadda muke zato, domin an daɗe ana gaya wa masu shirin zuwa nan cewa Hausa ce mabuɗin ƙasar.

Sai mun koma baya da shekara ɗari kafin mu gane nauyin wannan shiri. Ƙungiyar mishan ta Basel, wadda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1815, ta aiko mutum huɗu zuwa Osu a bakin teku a ƙarshen 1828. Kafin shekara ta zagayo uku sun mutu, na huɗun ya bi su a 1831. Aka sake aiko uku a 1832, biyu suka mutu cikin 'yan watanni, har da likitan cikinsu. Wanda ya rage, Andreas Riis, wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasa ne ya tashe shi daga zazzaɓi. Da ƙungiyar ta ga Turawa ba sa jure ƙasar, sai ta nemo baƙaƙen fata Kiristoci daga tsibirin Jamaika, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan nahiya, suka iso da matansu da 'ya'yansu a 1843 suka zauna a Akropong. Su ne iyalan farko da suka haɗa kayansu suka ƙetaro teku musamman don wannan aiki suka kuma yi saiwa.

Daga waɗannan kaburbura ne Basel ta tsara dokokinta, dokokin kuma masu tsanani ne. Yawancin samarin da take ɗauka 'ya'yan manoma ne da masu sana'ar hannu daga ƙauyukan kudancin Jamus. Sukan shekara biyar ko shida a makaranta suna karatun addini da harsuna, ba a kuma yarda ɗalibi ya yi aure ko ya yi baiko ba. Tuzuru yake tafiya. Sai ya shekara biyu a bakin aiki, an ga bai mutu ba kuma ya fara jin harshen mutanen, sa'an nan zai rubuto wa kwamiti yana neman izinin aure. Sau da yawa kwamitin ne ke nemo masa yarinya. Ita kuma abin da ta sani game da angon bai wuce hoto ɗaya da 'yan wasiƙu ba. Haka za ta yi sallama da iyayenta, ta shiga jirgin ruwa na makonni, ta sauka a gaban mutumin da ba ta taɓa jin muryarsa ba, a ɗaura aure cikin kwanaki kaɗan. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da kakanninmu mata da yawa aka kawo su Gwanja daga Kano ko Katsina a kan jaki zuwa gidan mijin da iyaye suka zaɓa.

Dokar da ta fi ciwo ita ce ta yara. Tun daga 1853 ƙungiyar ta wajabta cewa duk yaron da ya kai shekarun shiga makaranta, wajen shekara shida, a mai da shi Basel a sa shi gidan renon 'ya'yan mishan. Dalilinsu shi ne zazzaɓi da rashin makaranta. Yaron da aka haifa a Akropong ko Abetifi, wanda bakinsa ya buɗe da Tonanci, sai ya tsinci kansa cikin sanyi a hannun baƙi, ya shekara da shekaru bai ga mahaifiyarsa ba. Wasu da iyayen suka komo hutu ba su gane su ba. Saboda haka matar da ke ninke kayan jarirai cikin akwatin ƙarfe kafin tafiya ta san cewa ɗayan biyu ne: ko ta binne ɗan a ƙasar baƙunci, ko ta miƙa shi a bakin jirgi. Mun san kwatankwacin wannan rabuwa a gidajenmu, ranar da ake danƙa yaro ga malam zai tafi gabas da allonsa. Bambancin kawai, almajirinmu yakan komo da harshen uwarsa a baki.

Sauran guzurin mai sauƙin lissafi ne: kwinin na zazzaɓi, gidan sauro, gadon tafiya mai naɗewa, tukunyar tace ruwa, fitila, kayan kafinta, iri na lambu, da littattafai. Kwinin ɗin ma sai da likitan ƙungiyar, Rudolf Fisch, wanda ya iso Aburi a 1885, ya yi ta fama da 'yan'uwansa kafin su riƙa shan sa a kai a kai tun ciwo bai kama su ba.

A cikin littattafan nan ne muke samun kanmu. Wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda shi ma a Basel ya yi karatu kafin ya shiga aikin mishan ɗin cocin Ingila, ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya komo da yaƙinin cewa wanda ya riƙe Hausa ya riƙe tsakiyar Afirka ta Yamma. Ya fitar da jerin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Babban malaminsa wani yaro ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta aka 'yanta, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Daga bakin yaron nan Schön ya rubuta labaran da suka zama littafin Magana Hausa. Ra'ayin Schön ya bi jinin masu zuwa bayansa, har ta kai Dokta Walter Miller da abokansa sai da suka je Tarabulus suka zauna cikin Hausawan can suna koyon harshe kafin su nufi Kano a 1900, inda Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba.

A nan ƙasarmu, garin da ya ja hankalinsu shi ne Salaga. Nan ne ƙarshen hanyar fataken goro, wadda ta taso daga Kano da Sakkwato ta ratsa Borgu da Sansanne Mango da Yendi. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 ikon Tonawa ya sassauta, hanya ta buɗe daga kudu, sai 'yan Basel suka fara leƙowa. Na farko ba Bature ba ne: Theophilus Opoku ne, limamin coci ɗan gidan sarautar Akropong, ya iso a 1877. Philipp Buss ya biyo a 1878, sa'an nan David Asante, wanda ya yi karatu a Basel ɗin kanta, ya zo tare da wasu Turawa a 1884. Rahotanninsu na cikin mafi daraja da ake da su game da tsohuwar Salaga: rijiyoyinta, masallatanta, makarantun allo, dawaki da shanu, da Hausa tana tashi ko'ina a kasuwa. Sun kuma rubuta abin da ba ma son ji, wato mutane ɗaure da igiya a rana ana cinikinsu. Ba ƙage suka yi mana ba. Cikin masu saye da sayarwar akwai kakanninmu, kuma cikin waɗanda aka sayar akwai kakannin maƙwabtanmu na yau, Gurunsawa da sauran mutanen arewa. Wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa wasu ƙauyuka suka buɗe wa ɗan mishan ƙofa suka kuma yi ɗari-ɗari da malamin zango, to ya fara daga nan.

Ba a kafa tashar mishan a Salaga a wancan zamani ba. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, malamin da har yau ba mu yi kamarsa ba a wannan yanki. A can ya haɗu da Adam Mischlich, wanda ya zo ƙasar a matsayin ɗan mishan na Basel, daga baya ya ajiye aikin ya zama jami'in mulkin Jamus. Mischlich ya zauna gaban Imam Umaru kamar ɗalibi, Imam ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami, shi kuma ya fitar da littafin koyon Hausa a 1902 da babban ƙamus a 1906. Abin dariya da ban tausayi a ciki shi ne, mutumin da aka shirya don ya juyar da mu ya ƙare yana kwafar karatu daga limaminmu, kuma ta hannunsa ne rubuce-rubucen limamin da dama suka tsira.

Amma da aka zo ga ainihin wa'azi, sai lissafin Schön ya ƙi fita. Hausa ta kai baƙo masauki, ta sama masa alaro da tafinta, ta yi masa ciniki a kasuwa, ta gabatar da shi a fada. Daga nan ta tsaya. Masu jin ta sosai Musulmi ne masu littafinsu da malamansu, ba su da niyyar sauya sheƙa. Manomin da ɗan mishan ke nema kuwa, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba, matarsa ma ko wannan ba ta da ita. Ga kuma gwamnatocin mulkin mallaka da ba sa son a tayar musu da hankalin sarakuna da Musulmi. Jamusawa, waɗanda suka ƙone Yendi bayan yaƙin Adibo a ƙarshen 1896 suka kuma riƙe ta bayan rabon 1899, sun rufe arewacin Togo ga 'yan mishan har zuwa 1912. A ɓangaren Ingilishi, limaman Katolika sun samu shiga Navrongo a 1906, su ma daga Wagadugu, amma yunƙurin 'yan Methodist a Tamale ya watse cikin 'yan shekaru saboda saɓani da Babban Kwamishina.

Dokta Fisch ya zagaya arewa a 1910 don duba inda za a kafa tasha. Abin da ya komo ya rubuta ya nuna darasin da ya ɗauka: nahawun Dagbanci ya fitar a 1912. A farkon 1913 'yan Basel suka buɗe tasharsu a Yendi, suka yi gini, suka duƙufa kan harshen. Shekara ɗaya da rabi sai yaƙin duniya ya ɓarke, Ingilishi suka karɓe Yendi, a 1916 kuma aka kwashe su. Shirin shekaru kusan arba'in, tun daga tafiyar Opoku, ya ƙare cikin shekara uku.

Wannan kufai ne iyalin Shirer suka tarar bayan shekara goma sha biyar. Nasu shirin ya sha bamban da na Basel. Margaret Peoples, sunanta ke nan na gidan uba, an haife ta a ƙasar Ailan a 1897, ta yi ƙaura zuwa Filadelfiya tana budurwa, tana aikatau. Ba ta da wata babbar ƙungiya mai albashi da gidan renon yara a bayanta. Irin cocinsu, mai niyyar tafiya shi ke bin ikilisiyoyi yana bayyana kiran da ya ce ya ji, talakawa su yi masa karo-karo su kuma yi alkawarin aiko da abin da ya sawwaƙa. Da irin wannan kuɗi ta bar Amurka tana da shekara ashirin da 'yan kai, ba miji, tare da wasu ma'aurata, Harry da Grace Wright, da wata mace, Jennie Farnsworth. Suka bi ta Saliyo da Gini, jirgin ƙasa, kwalekwale a kan Kwara, sa'an nan tudu, suka shiga Wagadugu ranar 1 ga Janairu 1921.

Abin da ta yi a can shi ne ainihin guzurin Yendi. Ta zauna cikin mata a bakin turmi da dutsen niƙa tana tsintar harshen Moshi, ta tsara yadda za a rubuta shi, ta fassara Linjilar Markus. Da ta koma gida hutu a tsakiyar shekarun 1920 ta auri Lloyd Shirer, suka komo ƙasar Moshi tare. Saboda haka ranar da suka tsaya gaban Ya-Na ba sababbin shiga ba ne. Harshen Moshi da Dagbanci da Mampurusanci da Kusasanci 'yan ɗaki ɗaya ne, wanda ya riƙe ɗaya ya yi rabin tafiya a sauran. Sun san gaisuwar fada, sun san yadda ake durƙusawa, sun san abin da ake kai wa sarki. Ba su buƙaci tsayawa a zango neman wanda zai yi musu tafinta ba. Da ɗan gari akan ci gari, su kuwa sun shekara suna mai da kansu 'yan gari a gidan ɗan'uwan Dagwamba.

Duk da haka ƙasar ta karɓi nata rabo. Ma'aikata biyu na farko da suka biyo su, Beulah Buchwalter da Guy Hickok, duka a nan suka rasu, ita a 1942 bayan ta yi shekaru tana aikin rubuta Dagbanci. A Yendi kanta, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa a fada da unguwannin malamai, waɗanda suka bi su ba su da yawa. Amfanin gonar ya fi fitowa a ƙauyukan Konkomba da Bimoba da Kusasi. Suka buɗe Tamale da Walewale, suka iso Bawku a 1937. Lloyd kansa daga baya ya bar mishan ya koma aikin gwamnati na yaƙi da jahilci a Tamale, inda aka buga littattafan koyon karatu da harsunan arewa.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu ba tare da kwana-kwana ba. Mu ma baƙi ne da suka zo da guzuri. Ayarin goro yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana da malamin da ke duba ranar tashi, kuma mutum yakan bar matarsa da ciki ya dawo ya tarar da yaro yana gudu. Mun riga su zuwa da ɗaruruwan shekaru, mun kawo karatu da rubutu da lissafin kwanaki. Amma da yake kowa na zuwa kasuwa ya same mu da harshenmu, sai muka saba a zo mana. Akwai gidaje a zangunanmu da suka yi zuriya uku a ƙasar Kusasi, tsofaffinsu suna jin Kusasanci sama-sama, ba wanda ya taɓa tunanin rubuta shi da ajami kamar yadda aka rubuta Hausa. Malaman Dagwamba da na Gwanja sun ɗan taɓa yin haka da nasu harsunan. A nan gabas kuwa, aikin ya jira wasu.

Waɗanda ya jira ɗin wasu ma'aurata ne kuma, David da Nancy Spratt daga Ingila. Sun iso a 1962, suna cikin rukunin farko na ƙungiyar nazarin harsuna da ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Gana, wadda ta zama GILLBT mai hedikwata a Tamale. Nasu shirin ya ƙara bambanta: horon ilimin sauti da nahawu suka yi, na yadda za ka zauna da mutum ka rubuta harshen da ba ka taɓa ji ba. A lokacin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya shekara talatin da fitowa, tun 1932, ga shi kuma Hausa ta cika kasuwar Bawku. Ba su ɗauke shi a matsayin abin da zai wadatar ba. Suka zauna cikin Kusasawa, tare da 'yan ƙasa masu taya su suka fitar da Sabon Alkawari da Kusasanci a 1976, cikakken littafin kuma ya fito a 2016. A gefe guda cocin Presbyterian, magajin Basel, ya karɓi asibitin Bawku daga hannun gwamnati a 1956, ya kuma koma Salaga da Basel ta leƙa tun zamanin Opoku.

Wanda ya buɗe littafin nan na Kusasanci zai iya bin sawun duk matafiyan da muka ambata. Sunan da ake kiran Allah da shi a ciki, Wina'am, ɗan'uwan Wennaam ne na Moshi, alamar hanyar da wa'azin ya biyo daga Wagadugu. Kalmar da suka sa wa mai ceto kuwa, masana harshen sun ce siffarta ta karin Toende ce, wato Kusasancin yammacin kogi da ake yi a nan Zebilla, ko da yake sauran littafin da karin Bawku aka rubuta shi. Sa'an nan ga namu, a warwatse cikin shafuka, sun ɗan sauya kama amma kunne ba ya ɓatan su: amma, sai, tilas, girma, duniya, aljanna, Shaiɗan. Wasu kai tsaye suka shiga daga bakin fatake, wasu sun ratso ta Moshi, da yawansu kuma asalinsu Larabci ne da malaman zango suka zo da shi. Ko mako ma, bakwai ɗinmu ce Kusasawa suka ara suke ƙirga shi da ita, a ƙasar da kasuwa ke ci duk bayan kwana uku.